Garejin da ya gano abinda ya lanƙwashe a ƙafar motata bayan hatsari

Wata huɗu kenan da wani ya shigo min a mahaɗar hanya, ya bugi gaban motata ɓangaren dama ya tura ni har tayar ta je ta daki dakalin gefen titi. Alhamdulillah babu wanda ya ji ciwo, kuma a ido ɓarnar bata da yawa, bamba ce ta tsage sai madigadi da ya lotsa da fitila ɗaya. Motar Corolla ce ƙirar 2010. Aka kaita wajen masu bugun jiki suka miƙar akai fenti ta fito fes, duk wanda ya gani cewa yake kamar ba'a taɓa bugunta ba. Amma ni da nake riƙe da sitiyarin nasan ba motar da na sani bace, in na ɗan sassauta hannu sai ta fara janyewa dama, sitiyarin kuma ya karkace kaɗan ko da ina tafiya a miƙe, sannan in na kai wajen gudun kilomita 90 zuwa 100 sai inji hannuna yana karkarwa.

Wuri na farko da na kaita bazan faɗi sunansa ba, amma zan faɗi abinda akai min dan wani ya kiyaye. Minti ashirin basu cika ba an gama. Yaro ya shiga ƙarƙashi da sifana ya murɗa tairod, wato sandar da take haɗa sitiyari da taya, aka daidaita sitiyari ya tsaya a tsakiya, akace min an yi alaimen, wato saitin tayoyi. Nace musu motar fa hatsari tayi, ba za'a duba ƙafar ba? Sai akace in taci gaba da ja to shokozoba ne in kawo a canza guda biyun gaba. Na fita, sitiyari dai ya miƙe amma jan yana nan yadda yake, kuma cikin sati biyar gefen waje na tayar dama ya fara suɗewa alhali tayar bata fi wata bakwai a motar ba. Abin ya dameni sosai wallahi, saboda da wannan motar nake ɗaukar yara kullum.

Wani abokin aikina ne ya kwatanta min wuri na biyu, wanda shine nake son yin magana a kansa. Aikinsu ƙafar mota ne kawai da taya, basa taɓa inji basa taɓa wayoyin wutar mota, kuma suna da na'urar nan ta Hunter mai kyamarori wadda ake maƙala wasu faifai a jikin tayoyi huɗu tana karantawa. Amma ba na'urar ce ta fara burgeni ba. Ogan wurin, dattijo ne mai ɗan furfura, bai bari an hau da motar kan na'ura ba sai da ya tsayar dani yayi min tambayoyi. Ta wane gefe aka bugeka, tayar ta daki wani abu ko jikin motar ne kawai, lokacin sitiyarin a karye yake ko a miƙe, kana kan birki? Nace Oga ai na ɗauka kwamfuta ce zata faɗa muku komai. Yace yallaɓai kwamfuta lamba take bani, ni ne zan san inda zan nemi abinda ya jawo lambar, kuma in nasan ta inda ƙarfin ya shigo nasan ta inda zan fara.

Daga nan muka shiga motar tare, shi ya tuƙa. Ya nemi shimfiɗaɗɗiyar hanya ya saki sitiyari kaɗan, ya taka birki ya ga ko jan yana ƙaruwa, dan a cewarsa in birki ne yake kamawa a gefe ɗaya shima yana jan mota kuma mutane da yawa suna ɗorawa alaimen laifin da ba nasa ba. Ya bi ta kan wani ɗan tudu a hankali yana saurare. Da muka dawo abu na farko geji ya ɗauko ya auna iskar tayoyin, sannan yasa aka sauya tayoyin gaba, ta hagu ta koma dama ta dama ta koma hagu, muka sake fita. Dalilin kuwa shine taya kanta tana iya jan mota in ginin cikinta ya samu matsala, to in aka sauya sai jan ya koma ɗaya gefen ko ya ɓace, kaga laifin taya ne. Tawa taci gaba da ja dama. Yace toh yanzu mun san a ƙarfe abin yake.

A wajen sauya tayoyin ne aka ga abu biyu da ban taɓa gani ba saboda suna ta ciki. Tayar da ta daki dakalin tana da ƙullutu a gefenta na ciki kamar ƙwai, wato zaren cikinta ya tsinke iska ta turo roba, kuma irin wannan ba'a yi masa faci, ranar da ta ga dama fashewa zatayi. Sati nawa ina gudu a kanta ban sani ba. Na biyu rim ɗin ya lanƙwashe a leɓensa na ciki, da suka ɗora shi kan injin balansin yana juyawa da idona naga yana rawa. Karkarwar da nake ji kenan a sitiyari. Anan ya bambance min abinda da yawanmu muke haɗawa, balansin daban alaimen daban. Balansin maganar nauyin taya ne lokacin da take juyawa, shine yake kawo karkarwa a gudu, alaimen kuma maganar inda tayar ta fuskanta ne da yadda ta tsaya.

Sai aka ɗaga motar. Ya kama taya sama da ƙasa ya girgiza yana neman wasa a boris ko boljoin, wato mahaɗin ƙasa da taya take juyawa a kansa in an karya sitiyari, ya kama ta hagu da dama yana neman wasa a tairod, ya sa ƙarfe ya banƙari bushin ɗin lowa am, wato ƙarfen da yake riƙe ƙasan taya da jikin mota, ya ga ko sun yage. Ya haska jikin shokozoba ya ga ko mai yana tsiyaya. Wani abu da yayi wanda na koya a ranar shine yana bin ƙarfen da tocila yana neman inda fenti ko tsatsa ta ɓare sabuwa, yace ƙarfe in ya lanƙwashe to abinda ya manne a jikinsa tsagewa yake ya zube a daidai wurin, ko da lanƙwasar bata kai ido ya ganta ba. Kuma ya samu, a lowa am na dama kusa da bushin na baya akwai wani layi da ɓawon ya tashi. Ya kuma nuna min tairod ɗin da aka murɗa a wurin farko, zaren noti na dama ya fito da tsawo sosai fiye da na hagu, ma'ana an ja shi ne kawai dan a rufe gajartar da lanƙwasa ta jawo. Ya sa tef ya auna tsayin motar daga ƙasa a kusurwa huɗu, ya auna daga tsakiyar tayar gaba zuwa tsakiyar ta baya a kowane gefe, sai ga na dama ya gaza na hagu da kusan santimita ɗaya. Ni kaina da ya nuna min na sa yatsu tsakanin taya da madigadi ta baya, a hagu yatsu huɗu suna shiga a sake, a dama da ƙyar. Tayar ta koma baya kenan.

Duk wannan kafin a kunna kwamfuta fa.

Da aka hau da ita kan na'urar aka maƙala faifan aka ɗan tura motar gaba da baya, aka danne birki da wani ƙarfe aka juya sitiyari hagu da dama, sai lambobi suka fito wasu kore wasu ja. Ya kirani gaban allon, kuma wannan ne abinda yasa nace sai na rubuta, saboda bai yi min irin abin nan na kai dai ka biya kawai ba. Yace abu uku ne kowa ya sani. Akwai to-in da to-awut, wato in ka kalli motar daga sama, bakin tayoyin sun kalli juna ne ko sun buɗe. Akwai kamba, in ka tsaya a gaban mota, saman tayar ya kwanta ciki ne ko ya kwanta waje. Sai kasta, wadda ita daga gefe ake ganinta, karkatar layin da taya take juyawa a kansa, irin yadda ƙahon gaban keke yake kwantawa baya, kuma ita take sa sitiyari ya dawo tsakiya da kansa in ka fito daga kwana. Mota tana ja ne zuwa gefen da saman tayarsa yafi kwantawa waje, kuma tana ja zuwa gefen da kastarsa tafi ƙanƙanta. Tawa duka biyun sun haɗu a dama, kamba ta fi ta hagu da sama da digiri ɗaya, kasta kuma ta ragu. Shiyasa duk murɗa tairod ɗin da akai bai hana komai ba, dan to-in ba ita take jawo irin wannan jan ba, ita aikinta cin taya da karkatar da sitiyari. Kuma cin ba ƙarami ba, ya lissafa min cewa taya in ta kauce da digiri 1 kacal, to a duk kilomita ɗaya kamar ana jan ta a gefe ne na mita 17, kaga kuwa dole roba ta ƙare.

Inda na san mutumin ya san aikinsa shine layin da yake ƙasa wanda yawanci ba'a ko kallonsa, an rubuta SAI da manyan baƙaƙe. Shi wannan karkatar layin juyawar taya ne in ka kalla daga gaba, daga kan shokozoba a sama zuwa boljoin a ƙasa, kuma ba'a saita shi, yadda aka ƙera motar haka yake, in ya canza to wani abu ne ya motsa. In ka haɗa shi da kamba zaka samu jimilla, ita kuma wannan jimillar tana nuna yadda shokozoba da ƙarfen da yake riƙe da hob, wato inda ake ɗaure taya, suke tsakaninsu. Yace in kamba ta lalace kuma jimillar ta bambanta da ta ɗaya gefen, to shokozoba ne ya lanƙwashe ko ƙarfen hob ɗin. In kuma kamba ta ƙaru SAI ya ragu da kusan adadi ɗaya jimilla bata canza ba, to su lafiyarsu ƙalau, ƙasan ne aka tura ciki, wato lowa am ko ƙarfen da yake ɗaure a jikinsa. Tawa na biyun ne, jimillar hagu da dama kusan ɗaya. Sai nace to Oga ta yaya zamu san ba babban ƙarfen ƙarƙashin ne ya goce ba, wanda lowa am biyun suke ɗaure a kai? Yace tambaya mai kyau, da shine ya goce gefe da mun ga hagu ma ta canza ta koma akasin dama, ɗaya ta ƙaru ɗaya ta ragu, amma kalli hagu tana kore. Duk da haka ya sake shiga ya duba kan notocinsa ko akwai alamar sun ja daga mazauninsu, babu.

Kaga da na bi maganar wurin farko da na sayi shokozoba biyu da bana buƙata, a ɗaura, motar taci gaba da ja, tayar mai ƙullutu kuma tana nan.

Bayan motar ma an auna, kuma wannan yana da muhimmanci ga duk wanda aka buga ko da a gaba ne. Irin wannan Corolla bayanta ƙarfe ɗaya ne ya haɗa tayoyin biyu, babu wajen saiti, in ya lanƙwashe sai dai canji, kuma in tayoyin baya suna tura mota gefe to duk saitin da akai a gaba akan karkace aka gina shi, zaka ga mota tana tafiya a kaikaice. Nawa yana cikin iyaka. Gabanta ma daga kamfani to-in kawai ake saitawa kai tsaye, kamba sai dai da wani noti na musamman da ake sakawa a ƙasan shokozoba. Na tambayeshi ko za'a sa wannan notin kawai a huta, ya ƙi. Yace zai iya sa allon ya koma kore da shi amma lowa am ɗin yana nan a lanƙwashe, kasta bazata dawo ba, tayar tana nan a baya. Maganar a gasa ƙarfen da wuta a miƙar ma bai bari na ƙarasa ba, yace ƙarfen ƙafa in ya lanƙwashe ya riga ya raunana, wuta kuma ƙara kashe masa ƙarfi take, shi baya yi a wurinsa ko nawa za'a bashi. Gaskiya naji daɗin wannan amsar duk da ta fi tsada a gareni.

Abinda aka canza shine lowa am na dama da boljoin ɗinsa, tairod na ciki da na waje a dama saboda da aka zare robar aka mirgina na cikin akan tebur sai gashi yana tsalle, sai rim ɗaya da tayoyin gaba biyu. Na tsaya ina kallo lokacin ɗauri, naga basu ƙarasa ɗaure notocin bushin ba sai da aka sauke motar nauyinta ya zauna akan tayoyi, yaron yace min in aka ɗaure tana rataye to robar a murɗe zata zauna kullum ta yage da wuri. Kuma da sifanar nan mai ƙara in ta kai awo suka ɗaure, ba da bututu da ƙarfin tuwo ba. Aka sake aunawa, kamba da kasta suka dawo kore da kansu ba tare da an taɓa komai ba, sai to-in kawai aka saita. Aka bani takarda mai layi biyu, yadda motar ta zo da yadda ta fita.

Yanzu abinda bai min daɗi ba, dan ba komai ne ya tafi daidai ba. Na farko jira. Na'ura ɗaya garesu kuma Ogan baya yarda yara su yanke hukunci akan motar hatsari sai ya gani da kansa, ranar farko na kusan awa uku kafin a zo kaina, kuma babu wanda ya faɗa min tun farko cewa haka zata kasance, da na sani da na ajiye motar na tafi aikina. Na biyu sun ce zasu kirani in kayan sun iso basu kira ba, ni na kira sau biyu. Na uku wanda yafi damuna, bayan na karɓi motar da kwana biyu fitilar hana zamewa ta fara kamawa a dashbod in na shiga kwana. Na koma, sai ya zamana an manta ba'a sake saita sensar sitiyari da kwamfuta ba. Motocin da suke da wannan tsarin suna buƙatar su san inda tsakiyar sitiyari yake, in an taɓa alaimen an canza tsakiyar to sai an sanar da kwakwalwar motar. Ogan bai yi musu ba, yace kuskurenmu ne yallaɓai kayi haƙuri, akayi cikin minti goma ba'a karɓi komai ba. Amma dai wurin da ya kai wannan matsayin bai kamata wannan ya wuce musu ba, abu ne da ya shafi birki da tsayuwar mota. Sannan tsofaffin kayan da aka cire sai da na tambaya aka bani, ni kuma ina buƙatarsu da takardar awon saboda maganar inshora, dan wanda ya bugeni cewa yake ai bamba da fitila ne kawai. Takardar nan ta farko mai jajayen lambobi ita ta kashe gardamar.

Duk da haka in aka tambayeni zan koma, eh zan koma, kuma na riga na tura mutum biyu. Wanda motarsa lafiya lau take kawai yana son saitin shekara, wataƙila jiran ya isheshi, ko ina mai na'ura mai kyau zai iya masa. Amma wanda aka buga, ko ya faɗa rami da gudu, ko ya daki dakali har yaji a hannunsa, irin wannan wurin yake buƙata, inda za'a auna tayoyi huɗu a nemo abinda ya motsa kafin a ɗora sifana akan tairod. In kaje ko ina ne ka nemi a baka awon farko kafin a taɓa komai, ka duba ko akwai kasta da SAI a takardar, in babu to ba'a juya sitiyarin an auna ba. Kuma ka kwatanta hagu da dama da kanka, dan wani lokacin duka biyun suna kore amma ɗaya tana wannan bakin iyaka ɗaya tana wancan, motar kuma taja.

Ranar da zan tafi Ogan ya gaya min wani abu, yace boris ɗin tayar da ta sha bugun yanzu bashi da wasa bashi da ƙara shiyasa bai ce in canza ba, amma bugu irin wannan yana barin tabo a cikinsa wanda sai an yi tafiya yake bayyana, in naji wani gurnani da yake ƙaruwa da gudu, musamman in na karya hagu nauyi ya koma dama, in dawo. Sati shida bayan nan na fara jinsa ƙasa-ƙasa. Na kai aka canza, aka sake ɗora ta kan na'urar aka tabbatar lambobin basu motsa ba. Jiya na shafa hannu akan sababbin tayoyin daga ciki zuwa waje, cin daidai yake ko ina, sitiyarin kuma yana tsakiya.